Tambaya da Amsa: Zuwa Kallon Makaɗan Rok a Bikin Fili

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abu guda suka taru, wato manyan bukukuwan kiɗan rok da ake yi a sararin Allah, inda ƙungiyoyin makaɗa ke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya tun daga hantsi har tsakar dare. Masu amsawa mutane ne da wannan ce sana'arsu, wasu a ɓangaren haɗa sauti, wasu a ɓangaren kula da taron jama'a.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi tikitin wani biki na kwana uku, kuma wannan ne zuwana na farko. Abokaina sun dage sai mun yi sammako mun kama gaba, jikin shingen ƙarfe, wai a nan kiɗa ya fi daɗi. Haka ne?

Amsa: In fuskar mawaƙi kake son gani, abokanka sun yi gaskiya. In kuwa kiɗa ka je ji, to sun kai ka inda sautin ya fi lalacewa.

Dubi manyan lasifikokin da aka rataye hagu da dama na dandamali, a jere daga sama zuwa ƙasa, jerin yana ɗan lanƙwasawa a gindi. An saita su ne su harba sauti can cikin fili. Wanda ya manne da shinge yana ƙarƙashinsu, sautinsu ta bisa kansa yake wucewa. Abin da ke isa kunnensa shi ne dukan ganguna kai tsaye, da rurin akwatunan jita na kan dandamali, da gurnanin manyan akwatunan bes, masu fitar da sauti mai kauri, da aka jere a ƙasa daf da ƙafarsa. Muryar mawaƙi ita ce takan nitse. Akan ajiye ƙananan lasifikoki a leɓen dandamali don cike wannan giɓi, amma ba kullum suke isarwa ba.

Juya ka dubi tsakiyar fili. Za ka ga wata rumfa da aka kewaye da shinge, yawanci mita 30 zuwa 60 daga dandamali, gwargwadon girman wurin. A cikinta injiniyan sauti yake tsaye gaban na'urarsa, kuma duk abin da yake ƙarawa ko ragewa, da abin da kunnensa ke ji a nan yake aunawa. Ka tsaya taku biyar zuwa goma a gabanta, ko a gefenta. Ban da bayanta, don za ta tare maka gani.

Ko a nan ɗin akwai ɗan dabara. In akwatunan bes an kasa su biyu, wasu hagu wasu dama, sautinsu yakan haɗu ya yi ƙarfi a kan layin tsakiya, har ka ji ƙirjinka na bugawa, sannan a gefe kaɗan su kashe juna, ka ji kiɗan ya rame. Taku uku ko huɗu zuwa hagu ko dama kan canja komai. Mutane da yawa sukan kafe wuri guda suna zagin injiniya, alhali matsawa kawai za su yi.

In ka makara ka samu kanka can baya, ka san cewa sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, ko sama da haka kaɗan. A nisan mita 100 za ka ga sandar makaɗi ta faɗi kan ganga a babban allo, sai bayan kusan sulusin daƙiƙa ka ji dukan. Ba allon ne ya lalace ba. Don irin wannan nisa ake kafa wasu dogayen turaku a tsakiyar fili da lasifikoki a kansu, a jinkirta sautinsu daidai yadda zai haɗu da wanda ke tahowa daga dandamali. Ka tsaya mita 10 zuwa 20 a inda bakinsu yake kallo. In ka tsaya a ƙeyarsu, sauti biyu za ka ji suna bin juna. Iska ma tana da nata: in tana kaɗawa ta gefe, siraran sautuka irin na kuge da saman jita sukan zo su tafi, su zo su tafi. Wannan ba abin da injiniya zai iya yi a kai, maganinsa ka matsa kusa.

Tambaya: Me ya sa waƙar farko ta kowace ƙungiya takan fito a hargitse, sai daga baya ta daidaita? Kuma me suke yi a tsakanin saukar wasu da hawan wasu har ake ɓata rabin awa?

Amsa: Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. In ƙungiya za ta yi wasa ita kaɗai a zaure, takan zo da rana ta gwada sauti a natse, ta buga waƙa biyu ko uku babu kowa. A bikin fili wannan gata sai manyan da za su rufe dare, su ma da sassafe kafin a buɗe ƙofa. Sauran minti 20 zuwa 30 kawai suke da shi. A cikinsa za a turo gangunansu, waɗanda aka riga aka harhaɗa a bayan labule kan katako mai taya, a jona wayoyi, sannan a bi makirfo ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne yana kai sauti. Wannan dum, dum, dum da kake ji na babbar ganga, da mutumin da ke maimaita ƙirga a makirfo, shi ne duk gwajin. Ba a taɓa jin kayan duka a haɗe ba sai an fara waƙar farko a gaban jama'a, don haka a cikinta injiniya ke gyara. Zuwa ta biyu ko ta uku komai ya zauna. Ƙarar nan mai tsinin kunne da kan tashi wani lokaci, makirfo ne ya kama sautin lasifikar da ke gaban mawaƙi ya sake mayar da shi, abin ya yi ta zagayawa.

Ƙananan ƙungiyoyi na rana sukan samu minti 30 zuwa 45, na yamma kusan awa guda, mai rufe dare awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Lokacin tashi kuwa yana cikin sharuɗɗan lasisin da hukuma ta ba masu biki, saboda maƙwabta. Shi ya sa in an yi jinkiri waƙoƙi ake yankewa, ba a ƙara lokaci. In ƙungiyoyi biyu da kake so sun faɗo a lokaci guda a dandamali daban-daban, ka ƙirga tafiyar tsakaninsu, wadda a babban biki cikin cunkoso takan ci minti 20 ko fiye. Shawararmu ka zaɓi ɗaya ka kalle ta daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Bayan na dawo daga kallo kunnena ya kwana biyu yana tsiwa, kuma maganar mutane kamar daga nesa nake jin ta. Yanzu ya warware. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, ko da ya warware. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi waɗanda ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana galabaitar da su, shi ne toshewar da ka ji. Wasu sukan farfaɗo, wasu su mutu, kuma wanda ya mutu a kunnen ɗan Adam ba ya sake tsirowa. Ɓarnar taruwa take yi a hankali, sai bayan shekaru mutum ya lura ba ya rarrabe magana in ana hayaniya.

Ga lissafin. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti 15. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin ƙara a cikin kowane minti 15 kada ya wuce desibel 100. Ka ga ke nan ko bikin da ke bin ƙa'ida, waƙa uku ko huɗu sun isa su cinye maka rabon yini, kai kuwa awa goma za ka yi a wurin.

Matoshin kunne iri biyu ne. Na soso ya fi rage ƙara, akan rubuta wajen desibel 30 a jikin fakitinsa, sai dai yana danne siraran sautuka fiye da masu kauri, kiɗan ya dusashe. Kuma yawancin mutane ba su iya sa shi ba, sai su samu rabin abin da aka rubuta ko ƙasa da haka. Ga yadda ake yi: ka murza shi da yatsu har ya zama siriri ba tare da ya ninke ba, ka zagayo da ɗaya hannun ta bisa kanka ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka zura, ka danne da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In mai kallonka ta gaba yana hango shi ya leƙo waje, bai shiga ba.

Na biyun shi ne na makaɗa, na roba mai ɗan mataci a tsakiya, wanda ke rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida. Mu shi muke sawa. Mai rage desibel 15 zai mayar da 100 zuwa 85, wato minti 15 ya koma awa 8, kuma sau da yawa muryar mawaƙi ta fi fitowa da shi. Auduga da takardar goge hannu ba sa tare abin kirki. Ka kuma riƙa barin gaban dandamali a tsakanin wasanni kunnen ya huta. In tsiwar ta wuce 'yan kwanaki, ka ga likitan kunne. In kuwa kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, ba a jira a ga ko zai warware.

Tambaya: Ni mace ce, kuma ba ni da girman jiki. A bidiyo na ga samari a gaban dandamali suna bangazar juna kamar masu faɗa. Ina son zuwa amma wannan ya tsorata ni. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika gani suna kiransa mosh, kuma duk da muninsa a ido, ba shi ne babban haɗarin ba. Yakan ɓarke a tsakiya, 'yan mitoci bayan sahun gaba, in an shiga waƙa mai sauri. Alamarsa ki ga mutane suna ja da baya suna buɗe fili a zagaye, ko mawaƙi ya ce a rabu biyu, hagu da dama, don a rugo a gwabza. Da kin ga fili yana buɗewa kusa da ke, ki ja gefe tun kafin ganga ta sauka. Masu yinsa suna da dokarsu: wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda ba ya ciki ba a jawo shi. Ki kuma riƙa waiwaye in kina sahun gaba, don akan ɗaga mutum a riƙa miƙa shi bisa kawuna har shinge, takalminsa kuwa bai san fuskar kowa ba. Wanda ya tsaya ta gefen fili, ko kusa da rumfar injiniya, da wuya wannan ya same shi.

Abin da ke kisa shi ne matsi, kuma shi ba ya hayaniya. A murabba'in mita ɗaya, mutum biyu ko uku suna tsaye a sake. In sun kai biyar an zo iyaka. Daga shida zuwa sama ba wanda ke da ikon ƙafarsa, taron yakan riƙa tafiya kamar igiyar ruwa, turin da aka yi a baya ya bi ta jikin mutane ya tarar da na gaba. Yawancin waɗanda ke mutuwa a irin wannan ba tattake su aka yi ba, ƙirjinsu aka matse har suka kasa jan numfashi, wasu ma a tsaye. Ranar 30 ga Yuni, 2000, a bikin Roskilde na ƙasar Denmak, mutum tara suka rasu a gaban babban dandamali lokacin da ƙungiyar Pearl Jam ke wasa, a daren da ruwa ya jiƙa ƙasa. Bayan wannan ne manyan bukukuwa da dama a Turai suka koma yanka gaban dandamali gida-gida da shinge, a ƙayyade yawan masu shiga kowane gida, don kada nauyin dubban mutane ya taru a sahu ɗaya.

Ga gwajin da za ki yi wa kanki: in ba ki iya ɗaga hannu ki taɓa fuskarki cikin sauƙi ba, ko kika ji ana taɓa ki ta kowane ɓangare huɗu a lokaci guda, ki fita tun ana iya fita. In kin riga kin maƙale, ki ɗaga hannuwa biyu gaban ƙirji kamar ɗan dambe, don ki bar wa haƙarƙari wurin buɗewa. Ki ware ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya. Kada ki yi kokawa da turin, ki bi shi, sannan in ya lafa ki saci taku biyu ko uku a karkace, baya da gefe. Haka za ki yi ta yi har ki kai bakin taro. Ihu yana cinye numfashi, ki yi alama da hannu. Waya ko jaka in ta faɗi, ta faɗi ke nan, sunkuyawa ita ce hanyar zuwa ƙasa. In kin faɗi kuma tashi ya gagara, ki kwanta ta gefe ki dunƙule, hannuwa su kare kai, ban da rigingine ko rub da ciki. Wanda ke jikin shingen gaba kuwa mafitarsa ta gaba ce: ya ɗaga hannu, masu gadin da ke tsakanin shinge da dandamali za su ciro shi ta sama. Aikinsu ke nan, kuma su ne ke miƙa ruwa ga sahun farko.

Wani wurin matsi da ake mantawa shi ne ƙofar fita bayan wasan ƙarshe, da duk wata siririyar hanya tsakanin dandamali biyu. Ki zauna minti 15 ko 20 jama'a su rage.

Tambaya: In hadari ya taso ana tsakiyar wasa, shiga tanti ya wadatar?

Amsa: Ga ruwa ya wadatar, ga tsawa bai tsinana komai ba. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji rugugin, ka raba da uku, shi ne nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 yana nufin tana cikin kilomita 10, kuma daga nan tana iya iso ka. Mafaka ita ce gini na sosai, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ka nisanci turakun lasifika, shingen ƙarfe, sandunan tuta da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Sai an yi minti 30 da jin rugugi na ƙarshe ake komawa. A watan Yunin 2016 tsawa ta raunata mutum fiye da 70 a bikin Rock am Ring na Jamus, aka soke ranar ƙarshe.

Iska ma abin tsoro ce, domin allunan majigi da labulen dandamali suna tare ta, nauyin ya koma kan ƙarafa. A watan Agustan 2011 guguwa ta rushe rumfuna da ƙarafa a bikin Pukkelpop na Beljiyam, mutum biyar suka rasu. In ka ga ma'aikata suna sauke allo ko lasifika, ko aka tsayar da wasa aka yi sanarwa, ka yi nesa da duk abin da ke rataye. Masu tsayawa yi wa mai sanarwa ihu su ne ke toshe hanya.

Tambaya: Me zan sa, me zan ɗauka?

Amsa: Fara da ƙafa. Takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da safa ta canji a cikin leda. Silifas ba ya kai la'asar. In ana sa ran ruwa, dogon takalmin roba, domin ƙafa dubu goma-goma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa caɓi suke mayar da ita cikin 'yan awoyi. A 2023 taɓo ya sa masu bikin Wacken na Jamus suka dakatar da shigar mutane, dubban masu tikiti suka koma gida. Rigar ruwa ta fi laima, wadda wurare da yawa ba sa bari a shiga da ita don tana tare wa na baya gani. Ka ɗauki rigar sanyi ko da rana ta ƙwalle, fili yakan yi sanyi da dare, ga gumi ya jiƙa ka.

In ana zafi kana tsalle, ka sha kamar rubu'in lita kowane minti 20, amma kada ka kai lita ɗaya da rabi a awa guda, kuma ka ci abinci mai ɗan gishiri, don ruwa zalla da yawa yana tsinka gishirin jini. Man kare fata daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, a sake shafawa bayan awa biyu, da hula. Jiri, ciwon kai da tashin zuciya alamar zafi ya fara cin mutum ne, a kai shi inuwa. In ya fara sambatu ko ya rikice, a kira masu agaji nan take, a yi ta jiƙa shi da ruwa kafin su iso. Kwalba ba ta shiga yawancin bukukuwa. A Glastonbury na Ingila, wanda gonar shanun madara ce ake yi a cikinta, haramcin yana da tsanani saboda dabbobin da za su koma kiwo a wurin. Ka zo da gora ta roba ko ta ƙarfe babu komai a ciki, ka cika a famfon ciki. Abin sha a buɗe daga hannun wanda ba ka sani ba, a'a.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗana mai shekara tara ya nace sai na je da shi. Ga shi na ji an ce waya ba ta aiki a wurin. In muka rabu fa?

Amsa: Da farko, Alhaji, ka duba ƙa'idar shekaru ta bikin kafin ka sayi tikiti, don wasu ba sa karɓar yara sam. Ka saya daga masu bikin ko wakilin da suka ambata. Wasu, irin su Glastonbury, hoton mai tikiti suke bugawa a jikinsa, wanda aka saya a hannun wani ba zai shigar da kai ba. Abin hannun da za a ɗaura muku a ƙofa a matsayin shaidar shiga, makullinsa gaba kawai yake tafiya, ba ya komawa baya, don haka a bar wurin yatsa biyu, na yaron kuma ka hana shi wasa da shi.

Matoshin soso ba ya zama daidai a kunnen yaro. Ka saya masa mai rufe kunne gaba ɗaya, irin mai maɗauri ta bisa kai, na girman yara. Ku tsaya bayan layin rumfar injiniya, ta gefe, kusa da hanya, kuma kada ka shiga da shi cikin cunkoso ko a kafaɗa.

Maganar waya gaskiya ce. Dubban wayoyi suna rububin turakun sadarwa kaɗan, sai ka ga sabis a cike amma kira ba ya shiga, batir kuma yana zuba saboda wayar na ta nema. Gajeren saƙo na tes ya fi saurin kutsawa, ka riƙa rubuta lokacin da ka tura shi a ciki don yana iya isa bayan awa guda. Ka ɗauki hoton tikiti da jadawalin wasanni tun daga gida, da fawa bank mai 10,000 mAh. Da kun shiga, kafin ku kalli komai, ka kai yaron wurin da za ku haɗu in kun rabu, wuri mai tsawo da ake hangowa daga nesa, ban da ƙofar shiga ko gaban dandamali. Ka nuna masa irin rigar da ma'aikatan bikin ke sawa da rumfar ɓatattun yara, ka rubuta lambarka a damtsensa da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, sannan ka ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa a ranar.